Rumbun Marigayi da Harafin K

Anti mai fili, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Na san yawancin masu rubuto miki kukan aure suke kawowa ko na 'ya'ya, ni kuwa tawa matsalar ta kwamfuta ce. Amma ki yi haƙuri ki karanta har ƙasa, za ki ga ita ma ta aure ce. Karatuna bai yi nisa ba, in kin ci karo da kuskure a rubutun ki rufa mini asiri.

Mijina ya rasu, bai cika shekara ba. Ciwon bai daɗe ba, ko shirin rabuwa ba mu yi ba. Sana'arsa aikin zare ce da keken nan mai haɗe da kwamfuta, wanda ake ɗinka bajon makaranta da tambarin kamfani da furannin wuyan riga. Shagonmu ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, mai kemis a damanmu, mai sayar da caja a hagu. In mutum biyu suka shiga, na uku sai ya tsaya a bakin ƙofa. Bango guda zare ne tun daga ƙasa har sama, shi ya jera su launi launi, kuma ko a duhu ya miƙa hannu ba ya ɗauko kore a madadin shuɗi.

Tare muke aiki. Ni ce mai ɗame yadi a zobe, ni ce mai zura zare a allurai, in keke ya gama in bi da ɗan almakashi in tsinke gashin zaren, in goge. Shi kuma zane ne nasa. Zai zauna gaban kwamfuta ya zana abu tun daga ɗigon farko, ya nuna wa keke inda allura za ta fara da inda za ta ƙare. Duk abin da ya zana a wani ɗan baƙin akwati yake adanawa, bai fi tafin hannu ba, da igiyarsa da ake soka wa kwamfuta. Ya taɓa faɗuwa gefe guda ya ɓantare, ya naɗe wurin da salatif. Rumbu yake ce masa. Yakan ce keke ƙarfe ne, ana saye, kwamfuta ma ana saye, amma abin da ke cikin rumbu babu shi a kasuwa.

Ya so ya koya mini zanen, kaina ne bai ɗauka ba. Da yatsa ɗaya nake neman harafi, kafin in samu shayinsa ya huce. Daga nan ya laƙaba mini Kunkuru. In na matso kusa da kujerarsa sai ya ce kunkuru na son dambe, ba shi da yatsa. Ni kuma in ce ai ina da guda, kuma shi ke tsinke masa zaren da ya bari. A gaban masu kawo aiki maman yara nake, suna juya baya na koma Kunkuru. Na yi ta nuna masa ba na so. Wallahi Anti, yau da zan ji wani ya kira ni da sunan nan da muryarsa, da na ba da duk abin da na mallaka.

Abin da dai ya samu ya cusa mini shi ne yadda zan fito da zanen da ya riga ya yi. Akwai wani hoton allura a fuskar kwamfutar, in na danna sai zanukan su jeru ƙanana ƙanana, in zaɓi wanda nake so in tura wa keke. Sai kuma doka guda da ya kafa mini: kada in zare igiyar rumbu sai na danna wani wuri a ƙasan allo tukuna. Sallama yake kiran abin. Wai ba a fita daga gidan mutane ba sallama.

Da na samu ƙarfin fita bayan rasuwar, na buɗe shagon. Mutane sun zaci don abinci ne kawai, kuma da shi ɗin, yara suna makaranta. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Idan na tura zanensa keke ya fara, hanyar da hannunsa ya bi allurar take bi. Shi ganye yake fara yi kafin fure, kullum. In rubutu ne, sai ya gama cikin harafi sannan ya zagaye bakinsa. Ina tsaye ina kallo, sai in ga kamar yana zaune a kujerar ya ba ni baya. Hotunansa suna nan a waya, amma hoto ba ya motsi. Wannan kuwa yana motsi, har da ƙara.

To kwanakin baya kwamfutar ta fara nauyi, sai ka danna abu ka je ka dawo bai buɗe ba. Ran nan na kunna ta ƙi tashi gaba ɗaya, baƙin allo kawai. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, shiru. Hankalina ya tashi, na kashe ta, na fizge igiyar rumbun na jefa shi a jakata. Sai da na isa gida na tuna ban yi sallamar ba. A ina ma zan danna, allon baƙi ƙirin? Amma dai ban yi ba.

Ƙanin mijina, direba ne, shi ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyara. Rumbun yana wurina, ban ba su ba. Mai gyaran ya ce sai an yi mata fomatin, aka yi. Ya yi ƙoƙari, ya mayar mini da hoton allurar da jerin sunayen zanukan kamar yadda suke. Ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Na yi hamdala, na soka rumbu, 'yar fitilarsa ta kama, na sa kunne na ji yana ɗan gurnaninsa na kullum. Na danna allura. Anti, sai na ga wuraren zanukan duk sun zama toka toka, babu hoto ko ɗaya. Kowanne na taɓa sai wani rubutu ya fito. Na kwafe shi a takarda: farkonsa babban K ne, da ɗigo biyu, da wani karkataccen layi, sannan sunan zanen, sannan Turanci. Na kira mai kemis ya karanta, ya ce cewa take ba ta ga abin ba.

Na san kwamfuta ba ta jin Hausa. Amma duk lokacin da K ɗin nan ya fito, kuskure nake karantawa. Kuskure, kuskure, kamar tana nuna ni da yatsa tana cewa ke ce kika fita ba sallama.

Mai kemis ya ce bari ya duba. Ya buɗe wani wuri da ban taɓa shiga ba, sai ga haruffa, C da D da E. Ya zare rumbun, sai E ya ɓace, ya mayar, sai E ya dawo, ya ce to wannan shi ne. Ni dai tunda nake ban taɓa jin mijina ya ambaci wani E ba. A ƙarƙashinsa akwai wani layi ja da ya kusa kaiwa ƙarshe. Mai kemis ya girgiza kai ya ce shi a saninsa ja ba alheri ba ne, ko a na'urar awon jini. Ya shiga ciki, muka ga fararen takardu jere da lambobi, ko wacce ya danna ba ta buɗewa. Ya ce ƙila bairos ne, cutar nan ta kwamfuta, ya cinye cikinsu ya bar ɓawo. Na koma bayan keke na zauna a ƙasa, ban san sanda na fara kuka ba, har mai caja ya leƙo.

Ƙanin mijina ya buga wa mai gyara waya ya ce masa bairos ya shiga rumbu. Shi kuma ya ce a kawo shi ma a yi masa fomatin, ya wanku. Ni kalmar ce ba na so, don na ga da aka yi wa kwamfutar hoton yarana da ke fuskarta bai dawo ba. Yanzu ƙanin mijin nawa ya ce in zanukan sun tafi, babu amfanin keken a hannuna tunda ban iya zana sabo ba, gara a sayar tun yana da daraja, akwai ma wanda ya taya. Ya ce in huta, shi zai riƙe mu. Kada ki ɗauka mugu ne. Shi ya yi ta jigilarmu asibiti, ya bar aikinsa, ya kwana a kan benci. Sai dai shi ma da nasa iyalin, kuma motar da yake ja ba tasa ba ce.

Ga shugabar wata makaranta da mijina ya zana wa bajo, tsuntsu riƙe da littafi, tana son na sababbin ɗalibai kafin a koma hutu. Ta yi mini kawaici sosai, amma ta ce in faɗa mata gaskiya, in ba zai yiwu ba ta nemi wani tun da wuri. Kullum ina buɗe shago in share, in goge keke, in zauna. Rumbun yana jakata ina yawo da shi kamar mai goyo.

Anti, ni ce na kashe shi da na fizge igiyar? In ba su su yi fomatin ɗin ko in hana? In yarda a sayar da keken? Kuma ki gaya mini gaskiya, ko hankalina ne ya fara taɓuwa da nake wa akwati kuka irin wannan. Na binne mijina sau ɗaya, ba na jin zan iya na biyu.

Taki,
Matar mai zane

*

'Yar'uwata matar mai zane,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri ke da yaran. Hankalinki lafiyarsa lau. Ba akwati kike wa kuka ba, kin san haka, ni ma na sani.

Kafin komai, riƙe wannan: kada ki bari kowa ya yi wa rumbun nan fomatin. Fomatin share ɗaki ne a fitar da duk abin da ke ciki. Ko kwamfutar da kanta ta fito da tambaya mai kalmar Format, ki ƙi, ki rufe.

Ban ga kwamfutarki da idona ba, don haka ba zan rantse miki ba. Amma na kai wasiƙarki ga wata ƙwararriya da ke kula da na'urorin ofishinmu, muka karanta tare, kuma duk alamun da suka firgita ki mu daɗi suka yi mana. Jan layin nan ba ciwo yake nunawa ba, ma'aunin cika ne. Yana yin ja ne idan wuri ya kusa ƙarewa. Wato rumbun mijinki cike yake maƙil. Fararen takardun kuma bisa dukkan alamu su ne zanukan. Irinsu ba sa buɗewa da dannawa kawai, sai ta cikin manhajar keke, wato hoton allurar nan. Igiyar da kika fizge kuwa, kin ce sai da kika kashe kwamfutar. Sallama ana yin ta ne don kada a katse rumbu yana tsakiyar aiki. Gidan da aka kashe fitila kowa ya kwanta, wa za ki yi wa sallama? Ki sauke wannan kayan daga kanki, ba naki ba ne.

Ga abin da muke ganin ya faru. Kwamfuta tana ba kowane wurin ajiya harafi, kamar lambar da ake rubutawa a ƙofar shago. C nata ne na cikin cikinta. Duk abin da aka soka daga waje sai ta ba shi harafin da ke biye wanda babu kowa a kai. A da rumbunku K ne lambarsa, kuma manhajar keke a ƙofar K ta san zanukan suke. Da aka yi wa kwamfutar fomatin ta manta, ta ga rumbun kamar baƙo, ta ba shi E. Manhaja kuma ta je ƙofar K ta ƙwanƙwasa, ba kowa, ta dawo ta ce miki ba ta gani ba. Kaya suna nan, lambar ƙofa ce aka canja.

Gyaran shi ne a mayar masa da K. Ki cire duk wani filashi, wato ɗan ƙaramin ma'adanin da ake sokawa, ko waya da ke jikin kwamfutar, ki bar rumbun kaɗai. Ki kai kibiya kan alamar da ake dannawa a buɗe jerin manhajoji, a ƙasan allo, ki danna ɓangaren dama na linzami, abin nan da kike riƙewa ki motsa kibiyar. A jerin da zai fito ki zaɓi Disk Management. Za ki ga haruffan nan a jere. Ki nemi E, ki sake danna dama a kansa, ki zaɓi layin da ya fara da Change Drive Letter, sannan Change, ki zaɓi K a cikin haruffan, ki amince. Za ta yi miki gargaɗi cewa wasu manhajoji sun dogara da harafi. Ki amince, ai abin da ya kawo ki ke nan. C da D kuwa ko kallon banza kada ki yi musu. Daga nan ki rufe manhajar keke ki sake buɗewa.

In Turancin ya yi miki yawa, ki sa babban ɗanki ko mai kemis ya karanta miki, amma linzamin ya kasance a hannunki. Mai kemis mutumin kirki ne, sai dai ya riga ya yanke wa mara lafiya hukunci tun bai auna shi ba. Abu biyu ne kawai za su sa ki tsaya cak. In kin ji rumbun yana ƙas ƙas kamar agogo maimakon gurnanin da kika saba ji, ko kuma kin mayar da K zanukan ba su fito ba, to ki yi sallama ki zare, ki kai shi da ƙafarki wurin mai gyara. Ki ce masa ceto abin da ke ciki kike so, ba wanki ba, kuma ki zauna a yi a gabanki. Ba na ganin laifinsa da yawa. Bairos aka ce masa ta waya, ya ba da maganin bairos. Da ya ga abin da kika kwafa a takarda, da wuya ya ce haka.

Idan zanukan suka dawo, in sha Allah, aiki na farko kafin ma bajon makaranta shi ne ki samo rumbu na biyu a kwafe komai a ciki, ki ajiye shi a gida. Wanda ya taɓa faɗuwa har aka naɗe shi da salatif, kuma ya cika haka, ya yi ƙoƙari, kada a bar shi shi kaɗai da wannan nauyin. Shugabar makaranta kuma ki kira ta yau, ki ce ta ba ki zuwa jibi za ki ba ta amsa tabbatacciya. Wadda ta yi miki kawaici ta cancanci ta san inda ake.

Maganar ƙanin mijinki, kada ki riƙe shi a zuci. Tsoro yake kada ku tashi babu zane babu keke mai daraja, kuma akwai gaskiya a bakinsa ta wani gefen: tsofaffin zanuka ba za su riƙe shago har abada ba, watarana wani zai zo da sabon tambari. Wannan sai ki yi tunaninsa, ko ki nemi mai zane ki riƙa ba shi aikin sababbi, ko ki zauna ki koya a hankali. Amma ba a sayar da abin sana'a cikin firgici. Ki ce masa ya dakatar da mai tayi. In daga baya kin ga shagon ya fi ƙarfinki, ki sayar da zuciya ɗaya, ba wanda zai zarge ki. In kuma kin ga za ki iya, riƙon da zai yi muku mafi sauƙi a gare shi shi ne ya bar ki da kekenki.

Saura K. Kwamfuta bi da bi take raba haruffa, daga D sai E sai F. Ba ta tsallake su haka kawai ta dira a kan K. Masu irin aikin mijinki sukan zaɓa wa rumbunsu harafi na can nesa da hannunsu, don kada wani filashi ya zo ya ƙwace masa wuri. Ke nan akwai ranar da ya zauna a kujerar nan, haruffa suka jeru a gabansa har zuwa Z, ya zaɓi ɗaya ya ba abin da ya ce babu irinsa a kasuwa. Ban san shi ba, ba zan ce na san abin da ke ransa ba. Amma na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ni ba kuskure na gani ya fara da K ba, sunan nan da ya laƙaba miki na gani.

Ki je ki mayar masa da harafinsa da yatsan nan naki guda, ya isa. Allah ya sa ki ga ganye ya fito kafin fure, ya albarkaci shagon, ya raya miki yaran.

Antinku mai fili